Zaɓen gilashin zum mai sauƙin kuɗi: Abin da ya kamata masu hoto su sani

A ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan da ke arewacin jihar Kaduna, kamar sauran yankunan manoma na ƙasar Zazzau, kasuwar masu ɗaukar hoto kan buɗe ne da kaka.

Da zarar an kai hatsi gida, an kuma fara saran rake a fadamun Makarfi da Kudan, sai kuɗi su shigo hannun jama'a, bukukuwan aure su kankama.

A irin wannan lokaci ne mai hoto kan tara ɗan abin da zai sabunta kayan aikinsa. Bayan ita kanta kyamarar, abin da ya fi cin kuɗi shi ne gilashin da ake ɗaurawa a bakinta, wanda masu sana'ar ke kira lens.

Kafin a sayi irin wannan gilashi sai an yi tattaki zuwa Zariya ko Kano ko Kaduna, ko kuma a yi saƙo daga Legas. Galibi na hannu ake saye, kuma idan mutum ya biya ya koma gida, mayar da kaya ba abu ba ne mai sauƙi.

Haka kuma tun bayan da aka bar kasuwa ta tsayar da darajar naira a watan Yunin 2023, farashin kayan da ake shigowa da su daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Saboda haka kuskure ɗaya wajen zaɓe na iya cinye ribar kaka guda.

Kuskuren da aka fi yi kuwa ya samo asali ne daga sauyin da sana'ar ta yi daga fim zuwa dijital. Tsofaffin gilasan zamanin fim na nan birjik a kasuwa, kuma da arha, amma gilashi ɗaya ba ya gani iri ɗaya a kan kyamarorin biyu.

Mene ne matsakaicin zum?

Gilasan kyamara iri biyu ne. Akwai mai gani ɗaya, wanda sai mai hoto ya matsa gaba ko ya ja da baya. Akwai kuma mai zum, wanda ake murɗawa ya jawo abu kusa ko ya buɗe fili.

Ana auna ganin gilashi da milimita, kuma lambar na rubuce a jikinsa. Ƙaramar lamba na nufin gilashin zai kwashi fili mai faɗi, babbar lamba kuma na nufin zai jawo abin da ke nesa.

A kan kyamarar fim, milimita 50 ne ake ɗauka a matsayin gani na tsaka-tsaki, wanda ya yi kusa da yadda idon mutum ke auna nisan abubuwa.

Matsakaicin zum shi ne wanda ya faro daga ƙasa da wannan lamba ya zarce ta da kaɗan, misali 28-80mm, ko 24-70mm, ko 28-105mm.

Na farko da aka yi wa kyamarar hoto mai fim ɗin milimita 35 shi ne Zoomar mai lamba 36-82mm, wanda kamfanin Voigtländer na Jamus ya fitar a 1959.

Irin wannan gilashi ne ke ɗauke da mafi yawan aikin mai hoton gari: hoton dangi a tsakar gida, da na ango da abokansa a ƙofar masallaci, da na ɗaliban Islamiyya ranar saukar karatu, da hoton fasfo.

Me ya sa gilashin fim ke matsewa a kan dijital?

Kowane hoto a jikin fim yana da faɗin milimita 36 da tsayin milimita 24.

A kyamarar dijital, wani ɗan faranti da ake kira sensa shi ne ya maye gurbin fim. A kyamarori masu tsada girmansa daidai yake da na fim, kamar a Canon EOS 5D da ta fito a 2005.

Sai dai kyamarori masu sauƙin kuɗi, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun masu hoto, sensarsu ba ta kai haka ba. Ana kiran wannan girma APS-C, kamfanin Nikon kuma na kiransa DX.

Ƙaramar sensa tsakiyar abin da gilashin ya gani kawai take ɗauka, ta bar gefe-gefe.

Domin sanin yadda gilashi zai gani a kanta, sai a ninka lambarsa da 1.5 idan kyamarar Nikon ce ko Pentax ko Sony, ko kuma da 1.6 idan Canon ce.

Ke nan gilashi mai lamba 28-80mm, idan aka ɗaura shi a kan ƙaramar Canon, zai yi gani irin na kimanin 45-128mm. A kan Nikon kuma zai koma kamar 42-120mm. Wato faɗin da aka saye shi dominsa ya tafi.

Ana iya ganin tasirin hakan a ɗakin amarya, inda bango kan hana mai hoto ja da baya.

Idan ya tsaya mita uku daga mutane, gilashi mai milimita 28 a kan kyamarar fim zai kwashi faɗin kusan mita huɗu, wato jerin mutane kamar bakwai kafaɗa da kafaɗa.

Wannan gilashin dai a kan ƙaramar sensa ba zai kwashi abin da ya wuce kimanin mita biyu da rabi ba, wato mutum huɗu ko biyar. Sauran ƙawayen amarya sai dai a yanke su ko a sake jera su.

Wannan ne dalilin da ya sa kamfanoni suka ƙera gilashi mai lamba 18-55mm. A kan ƙaramar sensa, milimita 18 na mayar da kusan faɗin da milimita 28 ke bayarwa a kan fim.

Kamfanin Canon ya fara sayar da irinsa ne a 2003 tare da kyamarar EOS 300D, wadda ta sauko da farashin irin waɗannan kyamarori ƙasa da dalar Amurka 1,000.

Ƙa'idar a taƙaice ita ce: mai ƙaramar sensa ya nemi zum da ya fara daga 17 ko 18, mai kyamarar fim ko babbar sensa kuma ya nemi wanda ya fara daga 24 ko 28.

Wane gilashi ne ke shiga bakin wace kyamara?

Kowane kamfani na da irin bakin da yake yi wa kyamarorinsa, kuma ko a cikin kamfani ɗaya akan samu sauyi.

Canon ya sauya baki ɗungurungum a 1987, lokacin da ya fito da tsarin EF. Gilasan FD na tsofaffin kyamarori irin su AE-1 ba sa shiga kyamarorin EOS, duk da cewa sunan kamfanin ɗaya ne a jikinsu.

Gilashin EF mai jan ɗigo a gindinsa yana shiga kyamarar EOS ta fim da kuma ta dijital mai madubi, babbar sensa ko ƙarama. Shi kuwa EF-S mai farar alama, ƙaramar sensa kawai aka yi wa shi, kuma ba ya ɗauruwa a kan ta fim.

Nikon bai sauya bakinsa na F ba tun 1959 a kyamarorinsa masu madubi, abin da kan sa mai saye ya ɗauka cewa komai zai yi aiki da komai. Amma akwai tarko uku.

Na farko, gilasan da ke da alamar AF ko AF-D ba su da injin saiti a cikinsu, sun dogara ne da na jikin kyamara. Nikon ya cire wannan inji daga D40 a 2006, haka kuma babu shi a D60 da jerin D3000 da D5000. A kan waɗannan kyamarori sai mai hoto ya daidaita gani da hannu, sai fa idan gilashin AF-S ne.

Na biyu, gilasan da ke da harafin G ba su da zoben buɗe ƙofar haske, don haka ba a iya sarrafa su a kan tsofaffin kyamarorin fim irin su FM2.

Na uku, gilasan AF-P da aka fara fitarwa a 2016 ba sa yin saiti a kan tsofaffin kyamarori kamar D40 da D90 da D3100.

Gilashin Nikon mai alamar DX yana ɗauruwa a kan kyamarar fim, sai dai kusurwoyin hoton kan fito baƙi, domin da'irar hasken da yake bayarwa ba ta cika fim ɗin ba.

Pentax na amfani da bakin K tun 1975, saboda haka gilasan K1000 na shiga kyamarorinsa na dijital. Gilasan Minolta masu saita kansu, waɗanda aka fara a 1985, sun ci gaba da aiki a kan kyamarorin Sony masu bakin A bayan da Sony ya karɓi wannan sashe a 2006.

Su ma kamfanonin da ke yi wa kyamarorin wasu gilashi suna da nasu alamomin. A wurin Sigma, DC na ƙaramar sensa ne, DG kuma na babba. A wurin Tamron, Di II na ƙarama ne, Di kuma na babba.

A 2018 Canon da Nikon sun fito da sababbin bakuna, RF da Z, domin kyamarori marasa madubi. Ana iya ɗaura tsofaffin gilasan EF da F a kansu ta hanyar adafta, amma adaftar Nikon ba ta juya gilasan AF-D, sai an saita su da hannu.

Lambar haske

Lamba ta biyu da ke jikin gilashi, wadda ake rubutawa bayan harafin f, tana nuna girman ƙofar da haske ke shiga. A nan ƙaramar lamba ce ke nufin babbar ƙofa.

Gilasai masu arha kan zo da lambobi biyu, kamar f/3.5-5.6. Ma'ana ƙofar na kan 3.5 idan an buɗe fili, amma tana tsukewa zuwa 5.6 idan an jawo abu kusa.

Masu tsada kan tsaya kan lamba ɗaya daga farko har ƙarshe, kamar f/2.8 ko f/4.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Ƙofar f/2.8 na shigar da haske ninki huɗu na abin da f/5.6 ke shigarwa.

A wurin kamu ko walima bayan magariba, inda hasken bai wuce na ƙwai biyu ko uku da janareta ke kunnawa ba, wannan bambanci ne ke raba hoto tsaf da wanda ya fito dishi-dishi saboda motsi.

Mai kyamarar dijital na da mafita, domin yana iya ƙara lambar ISO daga wannan hoto zuwa wancan, ko da yake tsofaffin kyamarori kan cika hoton da tsaki-tsaki idan an ƙara da yawa.

Mai fim ba shi da wannan dama. Idan ya sa fim mai lamba 200, da shi zai ƙare dukan hotuna 36 da ke ciki.

Sai dai kuma mai hoton da yawancin aikinsa da rana ne, ko yake amfani da filasha mai kyau, zai iya yin shekaru da gilashi mai f/3.5-5.6 ba tare da abokan cinikinsa sun ga wani aibu ba. Hasken ranar arewa ya wadatar a tsuke ƙofar zuwa f/8, inda ko gilashi mai arha kan fitar da hoto garau.

Akwai kuma na'urar rage rawar hannu, wadda Canon ke kira IS tun 1995, Nikon kuma VR tun 2000. Tana taimakawa wajen ɗaukar wanda ke tsaye cak, amma ba ta tsayar da dokin da ke sukuwa ranar hawan sallah, ko yaron da ya ƙi zama wuri ɗaya.

Waɗanda aka fi sani a cikin masu sauƙin kuɗi

Ga mai ƙaramar sensa, mafi arha shi ne 18-55mm da ke zuwa tare da kyamara. Ba shi da nauyi, kuma samfuran baya-baya masu alamar IS ko VR sun fi na farko fitar da hoto.

Jikinsa dai roba ne, har da gindin da ke riƙe shi a bakin kyamara, don haka ba ya jure faɗuwa, ko girgizar babur a hanyoyin ƙauye idan ba a naɗe shi da kyau ba.

Nikon 18-70mm, wanda ya zo tare da D70 a 2004, yana da gindin ƙarfe kuma ya fi jan nesa kaɗan.

Wanda ke yawan aikin dare kuma zai iya duba Tamron 17-50mm f/2.8 na 2006, ko Sigma 17-50mm f/2.8 na 2010. Duka biyun sun fi takwarorinsu na Canon da Nikon sauƙin kuɗi ƙwarai.

Ga mai fim ko babbar sensa, akwai Canon 28-105mm f/3.5-4.5 na 1992, da Nikon 28-105mm f/3.5-4.5D na 1998, da kuma Tamron 28-75mm f/2.8 na 2003, wanda ya yi suna a wurin masu hoton biki a ƙasashe da dama.

Canon 24-105mm f/4L na 2005 ya fi su ƙwari da jure ƙura, amma ya fi su tsada ko da na hannu ne.

Mai neman gilashi ɗaya da zai yi masa aiki a kan fim da kuma ƙaramar dijital dole ya haƙura da wani abu. Wanda ya fara daga 24 zai ba shi faɗi sosai a kan fim, amma a kan ƙaramar sensa zai koma kamar 36 ko 38.

Su kuwa gilasai masu dogon zango irin su 18-200mm ko 28-300mm, suna rage wahalar sauya gilashi, amma yawanci ƙofarsu kan tsuke zuwa 5.6 ko 6.3, kuma hotonsu a ƙarshen zango bai kai na matsakaicin zum kaifi ba.

Masu hoto da dama kan haɗa zum mai arha da gilashi mai gani ɗaya na 50mm f/1.8. Yana cikin mafi arha a kowane kamfani, yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6, kuma a kan ƙaramar sensa yakan zama daidai da hoton fuska da na fasfo.

Irin wannan aiki na fasfo ba ya yankewa a gari irin Makarfi, inda kwalejin koyon aikin lafiya mai ɗauke da sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris ke tara ɗalibai.

Yadda ake duba na hannu

Abu na farko shi ne mai saye ya tafi da kyamararsa, ya ɗaura gilashin a gaban mai sayarwa. Wasu tsofaffin gilasan Sigma na shekarun 1990, alal misali, suna shiga bakin Canon na dijital lafiya lau, amma da an tsuke ƙofar haske sai kyamarar ta nuna alamar matsala ta tsaya.

Sannan a cire murfi gaba da baya, a haska fitilar waya ta ciki, a duba ta ɗaya gefen. 'Yar ƙura kaɗan ba ta ɓata hoto.

Abin gudu shi ne fumfuna, wadda kan bayyana kamar saƙar gizo-gizo, da kuma hazon da kan lulluɓe gilashin daga ciki. Fumfuna na cin fatar da aka shafa wa gilashin, kuma idan ta daɗe ko an wanke tabon ba ya fita.

A murɗa zum daga farko zuwa ƙarshe a ji ko yana sarƙewa. A juya shi ƙasa a gani ko yana zamewa da kansa.

A gwada saiti a kan abu na kusa da na nesa, a kowane ƙarshen zum, domin siririyar wayar da ke ciki kan tsinke ta yadda gilashin zai yi aiki a wani wuri ya ƙi a wani.

A duba bakin gaba, inda ake ɗaura madubin kariya. Idan ya lotsa, alama ce ta cewa gilashin ya taɓa faɗuwa.

Daga ƙarshe a manna shafin jarida a bango, a ɗauke shi kai tsaye, a faɗaɗa hoton a duba kusurwoyi huɗu. Idan rubutun gefe ɗaya ya fito tsaf na ɗaya gefen kuma ya dushe, to wani gilashi na ciki ya goce, kuma kuɗin gyaransa na iya kai kuɗin sayensa.

Hunturu da damina

Yanayin arewacin Kaduna na gwada gilashi ta fuska biyu.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wato daidai lokacin da bukukuwa suka fi yawa, ƙurar hunturu ke cika iska. Zum mai fitowa da komawa yana zuƙar iska kamar zuga-zugin maƙeri, ƙura kuma na bin iskar.

A zamanin fim, kowane hoto sabon wuri yake samu a jikin fim ɗin. A dijital kuwa sensa ɗaya ce, don haka ƙurar da ta zauna a kanta za ta fito a kowane hoto har sai an goge.

Wannan na daga cikin fa'idojin matsakaicin zum: mai shi ba ya bukatar buɗe bakin kyamara a filin hawa ko a tsakiyar kasuwa. Idan sauyawa ta zama dole, ana yi ne a cikin ɗaki, bakin kyamarar na kallon ƙasa.

Ƙurar hunturu na da kaifi, don haka goge gilashi da gefen riga na kankare shi. Ana fara hure ƙurar ne da 'yar robar busa iska, sannan a goge da ƙyalle mai laushi da aka tanada domin haka.

Madubin kariya ma na da amfani, kuma girmansa na rubuce a bakin gilashin: milimita 58 ga Canon 18-55mm, 52 ga yawancin na Nikon masu wannan lamba, 67 kuma ga Tamron 28-75mm.

Da damina kuma, musamman a Yuli da Agusta da Satumba, danshi ne abokin gaba. Fumfuna na son duhu da laima da wurin da iska ba ta shiga, wato irin jakar da aka rufe aka tura ƙarƙashin gado saboda aiki ya yi ƙasa.

Ana guje wa hakan ta hanyar ajiye gilashi a cikin robar da ke rufuwa ruf, tare da 'yan ƙunshin tsotse danshi irin waɗanda ke zuwa a kwalin takalmi ko na magani, a kuma riƙa fito da shi yana shan iska da haske.

Abin da za a fara tambaya

Wayoyin salula sun ƙwace wa masu hoto wani ɓangare na kasuwarsu, kuma fim ya ja baya ƙwarai. Kamfanin Kodak ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012, Canon ya daina sayar da kyamararsa ta fim ta ƙarshe a 2018, Nikon kuma ya dakatar da F6 a 2020.

Abin da ya rage wa mai hoto a Ikara ko Hunkuyi shi ne aikin da waya ba ta yi yadda ake so: taron jama'a da yawa, da hasken dare, da babban hoton da za a wanke a rataya a falo.

Don haka kafin a zo kan farashi, tambayoyi uku ne a gaban mai saye: ko gilashin zai shiga bakin kyamararsa ya kuma yi saiti da kansa, ko ƙaramar lambarsa ta dace da girman sensar, sannan ko ƙofar haskensa za ta wadatar a wuraren da ya fi yin aiki.

Kyamarar dijital kan tsufa cikin 'yan shekaru, amma gilashin da aka zaɓa da kyau, aka kuma kare shi daga ƙura da danshi, yakan yi aiki a kan kyamarori biyu ko uku a jere.